Tantance Awon Sensar Matsi a Ɗakin Gwaje-gwajen Injiniya: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ɗalibai da sababbin ma'aikata ke yawan yi a ranar da aka fara damƙa musu sensar matsi, wato na'urar da ke jin matsin iska ko ruwa ta mayar da shi lantarki, aka ce su tabbatar da gaskiyar awonta. Wasu amsoshin gajeru ne. Wasu kuwa na tsawaita su, domin a nan ne na fi ganin ana tuntuɓe.

Mene ne tantance awo, kuma ina bambancinsa da yi wa na'ura saiti?

Ma'aikata kan kira shi kalibireshan. Ma'anarsa ita ce ka kwatanta abin da sensarka ke faɗa da abin da wani ma'auni da aka fi yarda da shi ke faɗa, a kan matsi iri ɗaya kuma a lokaci ɗaya, ka rubuta bambancin, ka kuma rubuta iyakar tabbacin da kake da shi a kan wannan bambanci. Nan aikin ya tsaya. Ba a murɗa komai ba, ba a taɓa ko dunƙule ɗaya ba.

Saiti aiki ne daban. Shi ne ka gyara na'urar domin awonta ya matso kusa da gaskiya. Mutane da yawa suna cakuɗa biyun, kuma cakuɗawar tana da illa babba. Idan ka karɓi sensar da ta shekara tana aiki a jikin wani inji, ka ga ta kauce, nan take ka gyara ta ba tare da ka rubuta yadda ka same ta ba, to ka goge shaidar da za ta nuna ko awon da aka yi da ita tsawon shekarar nan abin dogaro ne. Shi ya sa takardar aiki mai kyau take da jadawali biyu: yadda aka samu na'urar, da yadda aka bar ta. Na farkon ba ya dawowa idan ya wuce. Kafin sukurdireba ta shiga hannunka, biro ya riga ta.

Sabuwa ce fil daga kamfani. Ita ma sai an tantance ta?

Ya danganta da takardar da ta zo da ita. Takardar da ke cewa kawai na'urar ta cika ƙa'idar kamfani ba daidai take da takardar da ke ɗauke da lambobin awo na wannan sensar da kanta ba, mai lambar shaidarta a kai. Idan ta biyun ce, kuma daga ɗakin gwaji da aka amince da shi ta fito, tana iya wadatarwa. Duk da haka ka duba sifilinta bayan ka ɗaura ta, domin jijjigar hanya da ƙarfin ɗaurin sifana suna iya gusar da shi.

Ta yaya ƙaramin ƙarfe yake jin matsi har ya mayar da shi lantarki?

A cikin yawancinsu akwai wani faifai siriri ƙwarai, na baƙin ƙarfe marar tsatsa ko na silikon ko na tangaran, wanda aka ɗame shi kamar fatar ganga. Idan iska ko ruwa ya danna shi, sai ya ɗan lanƙwasa, lanƙwasar da ido ba ya gani. A jikin faifan akwai resistoci huɗu, wato ƙananan abubuwa masu turje wa lantarki, da aka haɗa a tsarin da ake kira gadar Wheatstone. Lanƙwasar tana miƙe biyu ta matse biyu, turjiyarsu ga lantarki ta canza, gadar ta karkace, sai ɗan ƙarfin lantarki ya fito a bakinta. Samuel Hunter Christie ne ya fara bayyana wannan haɗi a 1833, Charles Wheatstone ya yayata shi a 1843, sunan ya bi na biyun. A 1954 Charles Smith ya wallafa binciken da ya yi a Bell Labs, wanda ya nuna cewa turjiyar silikon da jamaniyam tana canzawa sosai idan an matsa su, fiye da ta wayar ƙarfe nesa ba kusa ba. Daga nan ne ƙananan sensocin silikon na yau suka samo asali.

Abin da gadar ke fitarwa kaɗan ne. Sensar da aka rubuta mata 2 mV/V, idan ka ba ta bolt 10, milibolt 20 kacal za ta fitar a ƙololuwar matsinta. Ka lura da abin da wannan ke nufi: idan wutar da kake ba ta ta ragu da kashi 1 cikin 100, awonta ma zai ragu da kashi 1 cikin 100, alhali matsin bai motsa ba. Don haka a irin wannan sensa dole ka auna wutar shiga tare da ta fita.

Akwai kuma masu aiki da canjin tazarar da ke tsakanin faifan da wani faranti da ke kusa da shi. Hanyar tantance su ɗaya ce da ta sauran.

Paskal, bar, psi: wanne zan yi amfani da shi?

Ma'aunin da duniya ta amince da shi shi ne paskal, wato ƙarfin niyuton ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya. An sa masa sunan Blaise Pascal na Faransa, kuma an shigar da shi tsarin ma'aunai na duniya, wato SI, a 1971. Paskal ƙaramin abu ne, shi ya sa a wurin aiki aka fi jin bar. Bar 1 daidai yake da paskal 100,000. Psi 1 kuwa kimanin paskal 6,895 ne. Matsin iskar sarari da aka ɗauka a matsayin mizani paskal 101,325 ne. Ka yi aiki da ma'aunin da aka rubuta a jikin sensar, ka saita ma'auninka na dogaro, wato wanda kake kwatanta sensar da shi, a kansa tun farko. Juya lamba a ka ana tsakiyar aiki shi ke kawo kuskure.

Na buɗe bakin sensar ga iska, amma ta ƙi nuna sifili. Ta lalace ne?

Wataƙila lafiyarta ƙalau. Ka fara duba irinta. Sensocin matsi kashi uku ne dangane da inda suke fara ƙirga. Ta geji tana farawa daga matsin iskar da ke kewaye da ita, saboda haka idan bakinta a buɗe yake, sifili ya kamata ta nuna. Ta cikakken matsi tana farawa daga sararin da babu iska ko kaɗan, wanda aka rufe a bayan faifanta tun a masana'anta. Ita idan ka buɗe bakinta za ta nuna kusan bar 1 a gaɓar teku, ƙasa da haka a kan tudu, domin matsin iska yana raguwa da kimanin paskal 12 a kowace mita ɗaya ta hawa a kusa da gaɓar teku. Ta ukun ita ce ta bambanci, mai baki biyu, tana auna tazarar da ke tsakaninsu.

Kada ka taɓa danna maɓallin sifili a kan sensar cikakken matsi alhali bakinta a buɗe yake. Na taɓa yin haka a farkon koyon aikina, na gusar da awon da kusan bar guda, sai da aka kawo famfon zuƙe iska da baromita mai kyau, wato ma'aunin matsin iskar sarari, kafin a dawo da ita hanya. Ta geji kuwa tana da ɗan ƙaramin rami ko siririn bututu a cikin wayarta da take shaƙar iskar waje. Idan ƙura ko fenti ko danshi ya toshe shi, za ka ga sifilinta yana yawo tare da canjin yanayi.

Waɗanne kayan aiki ake bukata?

Abin da zai samar da matsi, wato famfon hannu na iska ko na mai, ko na'urar da ke sarrafa matsi da kanta. Ma'aunin dogaro. Wutar da ba ta rawa, yawanci bolt 24 ga sensoci masu fitar da lantarki miliamfiya 4 zuwa 20, wato 4 zuwa 20 mA. Mita mai kyau ta karanta abin da sensar ke fitarwa. Sai tiyo da mahaɗai masu jure matsin, da ma'aunin zafi, da baromita idan aikin ya shafi cikakken matsi.

Ana yawan mantawa da mitar. Ita ma ma'auni ce, kuma idan ba a tantance ta ba, kuskurenta zai hau kan sensar da ba ta ji ba ba ta gani ba.

Yaya ingancin ma'aunin dogaro ya kamata ya kasance?

Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce ya fi sensar da ake gwadawa inganci sau huɗu. Idan an yarda wa sensarka ta kauce da bar 0.025, to rashin tabbas na dukkan tsarin awonka kada ya wuce kimanin bar 0.006. Sannan shi kansa ma'aunin sai yana da salsala. Wani ɗakin gwaji ya tantance shi da ma'aunin da ya fi shi, wancan ma an tantance shi da na sama da shi, har a kai ga cibiyar awo ta ƙasa, irin su NIST a Amurka, PTB a Jamus, ko NPL a Ingila. Su kuma waɗannan cibiyoyi suna kwatanta ma'aunansu da juna a ƙarƙashin tsarin da ya samo asali daga Yarjejeniyar Mita ta 1875, wadda ofishinta ke Sèvres kusa da birnin Faris. Idan zobe ɗaya ya ɓalle a wannan sarƙa, ko da takardar ma'auninka ce wa'adinta ya ƙare, lambobinka ba su da madogara. Ƙa'idar ISO/IEC 17025 ita ce ake auna ɗakunan gwaji da ita a kan wannan batu.

Mene ne sikelin fistan, kuma me ya sa ake girmama shi haka?

A duk kayan da ke ɗakin gwajin matsi, wannan ne na fi so, domin ba ya karanta matsi, haifar da shi yake yi. Fistan ne a tsaye a cikin silinda, an goge su har tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce 'yan maikuromita ba. Ana ɗora masa duwatsun awo da aka san nauyinsu, a tura mai ko gas daga ƙasa har fistan ya tashi ya yi iyo. A wannan lokaci matsin da ke ƙasa daidai yake da nauyin da ke sama idan aka raba shi da faɗin fistan. Ɗauki fistan mai faɗin murabba'in santimita 1, ka ɗora kilogiram 10 har da nauyin fistan ɗin. Ƙarfin da ke dannawa niyuton 98.0665 ne, matsin kuma paskal 980,665, wato bar 9.807.

Idan ya tashi, sai ka ɗan juya duwatsun da hannu, a hankali. Za ka ga tulin ƙarfen nan yana kewayawa shiru, minti bayan minti, yana nitsewa sannu a hankali yayin da ɗan mai ke tsiyaya ta tazarar. Juyawar ce ke hana fistan gogar bangon silinda. Idan ya tsaya da wuri ko yana kakkafewa, akwai datti a ciki ko kuma teburin bai daidaita ba.

Sai dai lissafin da na yi a sama yana ɗauke da wata lamba da ba kowa ke lura da ita ba. Na ninka da 9.80665, wato mizanin ƙarfin jan ƙasa da aka tsayar a 1901. Jan ƙasa na gaske ba ɗaya yake a ko'ina ba. Yana kusan 9.780 a kan ikwaita, wato layin da ya raba duniya arewa da kudu, ya kai kusan 9.832 a ƙuryar arewa da ta kudu. Wanda ke aiki kusa da ikwaita da duwatsun da aka yi wa lamba bisa mizanin, idan bai gyara lissafi ba, matsinsa zai gaza da kimanin kashi 0.27 cikin 100. A bar 10 wannan bar 0.027 ne, ya riga ya zarce abin da aka yarda wa sensar bar 10 mai iyakar kuskure ta kashi 0.25 cikin 100, wato bar 0.025. Ke nan za ka kayar da lafiyayyar sensa, ko ka tsallakar da marar lafiya, da ma'auni mafi inganci a ɗakin. Dole ka san jan ƙasa na wurin da teburinka yake.

Akwai ƙananan gyare-gyare biyu kuma. Iska tana ɗan ɗaga duwatsun kamar yadda ruwa ke ɗaga abin da aka tsoma a ciki, abin da ke rage nauyin na ƙarfe da kimanin kashi 150 cikin miliyan. Zafi kuma yana faɗaɗa fistan, shi ya sa takardarsa ke bayar da faɗinsa a wani zafi da aka ƙayyade, galibi digiri 20 na Salshiyas. Kuma kada ka riƙe duwatsun da hannu tsirara. Gumi yana cin ƙarfe, nauyi ya canza.

To, yaya ake gudanar da aikin daga farko zuwa ƙarshe?

Ka kawo sensar ɗakin ta huce tare da sauran kayan, sa'o'i kaɗan ko ma ta kwana. Ka duba jikinta, musamman zaren bakinta da faifan idan ana ganinsa. Ka ɗaura ta a yanayin da take zama a wurin aikinta, a tsaye ko a kwance, domin a sensocin ƙaramin matsi nauyin faifan da na man da ke bayansa kaɗai ya isa ya gusar da sifili. Ka ba ta wuta ta ɗumama gwargwadon abin da masu ƙera ta suka ce.

Daga nan sai motsa jiki. Ka kai matsin ƙololuwa, ka riƙe kamar minti ɗaya, ka sauke zuwa sifili, ka maimaita sau biyu ko uku. Faifan da ya daɗe a zaune ba ya ba da awo mai maimaituwa a hawan farko. Amma idan abin da ake so shi ne a san ainihin halin da ta iso da shi, ka rubuta sifilinta tun kafin motsa jikin.

Sai awon kansa. Mafi ƙaranci maki biyar: sifili, kashi 25, kashi 50, kashi 75 da kashi 100, a hawa, sannan a bi su a sauka. A kowane maki ka jira lambobi su natsu kafin ka rubuta na ma'aunin dogaro da na sensar tare. Ga sensa mai inganci sosai, ƙa'idar Jamus ta DKD-R 6-1, wadda ake bi a ƙasashe da dama, tana neman maki tara da maimaita hawa da sauka. EURAMET, ƙungiyar cibiyoyin awo na Turai, ita ma tana da jagora a kan wannan aiki mai lamba 17.

Idan komai ya faɗa cikin iyaka, ka bar ta yadda take. Idan ya fita, sai saiti: sifili da farko, sannan ƙololuwa, ka sake duba sifili domin a tsofaffin sensoci ɗaya yana jan ɗaya. Bayan saiti ka sake dukkan awon daga tushe.

Me ya sa sai an hau an kuma sauko? Hawa kaɗai bai isa ba?

Bai isa ba. Ƙarfe yana da ɗan riƙo. Faifan da ya iso bar 5 daga ƙasa da wanda ya iso bar 5 daga sama ba sa tsayawa wuri ɗaya daidai. Wannan bambanci shi ake kira histarisis, kuma saiti ba ya kawar da shi, sai dai a auna shi a san girmansa. Saboda haka idan kana hawa ka zarce makin da kake nema, kada ka ɗan saki iska ka dawo kansa, domin ka riga ka mayar da shi awon sauka. Ka koma makin baya ka sake tahowa. Da ka tsaya a bar 4.98 ka rubuta 4.98 ya fi ka wuce ka dawo don neman 5.00 cif.

Me ya sa ake farawa daga 4 mA ba daga sifili ba, kuma yaya zan lissafa kuskure?

Dalili biyu ne. Wannan 4 mA ita sensa mai waya biyu ke ci ta rayu. Sannan idan waya ta tsinke, mita za ta nuna sifili, kowa ya gane matsala ce ba rashin matsi ba. Shawara mai lamba NE 43 ta NAMUR, wata ƙungiyar masana'antu da ke Jamus, ta tsara abin: daga 3.8 zuwa 20.5 mA awo ne, 3.6 ko ƙasa da haka, da 21 ko sama da haka, alamar lalacewa ce.

Ɗauki sensa mai auna sifili zuwa bar 10. Faɗin fitarta 16 mA ne, wato kowane bar yana da 1.6 mA. A bar 2.5 ana sa ran 8 mA, a bar 5 ana sa ran 12, a bar 7.5 ana sa ran 16. A ce a bar 5 ka karanta 12.04. Kuskuren 0.04 ne. Ka raba da 16, ba da 12 ba kuma ba da 20 ba, ka samu kashi 0.25 cikin 100 na faɗin awo, wato bar 0.025.

Ka yi hattara da wannan kalma ta faɗin awo. Bar 0.025 ƙaramin abu ne a bar 10, amma idan aikinka a bar 1 yake, ya zama kashi 2.5 cikin 100 na abin da kake aunawa. Wanda ya sa sensar bar 100 a layin bar 3 ya cuci kansa, ko da takardarta ta fi kowace kyau.

Siffar kuskuren ma tana magana. Idan duk makin sun kauce da adadi ɗaya, sifili ne ya gusa. Idan kaucewar tana girma tare da matsi, faɗin awo ne. Idan farko da ƙarshe sun yi daidai amma tsakiya ta yi ciki, layin ne ya lanƙwasa, kuma maɓallan sifili da na ƙololuwa ba za su miƙe shi ba.

Na tura iska na rufe bawul, amma matsin yana ta sauka. Yoyo ne?

Kada ka yi saurin ɗaukar sifana. Iska idan aka matse ta da sauri tana ɗumama, idan ta fara hucewa matsinta ya ragu. Ka zuba wa lambar ido na minti biyu ko uku. Idan saukar tana rage gudu har ta tsaya, zafi ne. Idan tana tafiya ba ta da niyyar tsayawa, yoyo ne, sai ka bi mahaɗai da ruwan sabulu. A tsarin mai kuwa, abin da ya fi jawo wannan shi ne kumfar iska da ta maƙale, ko tiyon roba da ke ci gaba da buɗewa. Za ka ji famfon yana laushi a hannu maimakon ya yi tauri. Ka fitar da iskar kafin ka ci gaba.

Da gaske ne tsayin da na ajiye sensar yana shafar awo?

Ƙwarai kuwa, idan da mai ko ruwa kake aiki. Ruwan da ke cikin tiyo yana da nauyi. Idan sensar tana ƙasa da ma'aunin dogaro da santimita 20, kuma man yana da nauyin kilogiram 860 a kowace lita 1,000, za ta ji ƙarin paskal kusan 1,690, wato bar 0.017. A sensar bar 700 wannan ba abin damuwa ba ne. A ta bar 10 ya cinye kashi biyu cikin uku na iyakar da aka ba ta. Ko dai ka daidaita tsayinsu, ko ka auna tazarar da rula ka sa a lissafi. A jikin sikelin fistan akwai alamar layin da ake aunawa daga gare shi.

Mene ne rashin tabbas na awo? Ba shi ne kuskure ba?

A'a. Kuskure shi ne bambancin da ka gani. Rashin tabbas shi ne iyakar shakkar da ke kan abin da ka gani ɗin. Ana tattaro shi daga ma'aunin dogaro, da mita, da ƙaramar lambar ƙarshe da mitar ke iya nunawa, da yadda awo ke maimaituwa, da histarisis, da zafi, da tsayi. Hanyar haɗa su tana cikin jagoran da ake kira GUM, wanda ya fara fitowa a 1993. Ba a tara su kai tsaye. Ana ninka kowanne da kansa, a tara, a ɗauki saiwar jimlar. Idan kana da bar 0.004 da 0.002 da 0.003, haɗinsu kimanin 0.0054 ne. Sai a ninka da 2 a samu kusan 0.011, wanda ke ba da tabbacin kimanin kashi 95 cikin 100. Abin lura: lambar da ke kan takardar ma'auninka galibi an riga an ninka ta da 2, sai ka raba kafin ka shigar da ita.

Amfaninsa yana fitowa a bakin iyaka. Kuskuren 0.022 yana cikin iyakar 0.025, amma da shakkar 0.011 a kansa ba za ka iya bugun ƙirji ka ce ta tsallake ba. Ya kamata kai da mai na'urar ku amince tun kafin aiki a kan yadda za a yanke hukunci a irin wannan hali.

Sensata ta zamani ce mai HART, wato tsarin da ake ba ta umarni ta cikin wayarta. Na canza iyakokinta da na'urar hannu. Na yi mata saiti ke nan?

Ba ka yi ba. Canza iyaka kawai ya gaya mata wane matsi ne zai zama 4 mA, wanne ne zai zama 20. A cikinta akwai matakai biyu da ke iya kaucewa: wanda ke mayar da matsi lamba, da wanda ke mayar da lamba miliamfiya. Na farko ana gyara shi da matsi na gaske daga ma'aunin dogaro. Na biyu ana gyara shi da mita, ba a bukatar matsi. Ka karanta lambar da ke allonta da abin da mita ke nunawa tare, za ka gane wanne ne ke da laifi.

Duk bayan wane lokaci ake maimaitawa?

Shekara ɗaya ita ce inda mafi yawa ke farawa, amma tarihin na'urar ne ke da maganar ƙarshe. Wadda aka same ta cikin iyaka sau uku ko huɗu a jere ana iya tsawaita mata. Wadda ake samu a waje sai a rage. Idan ta faɗi ƙasa, ko matsi ya zarce ƙarfinta, ko an yi mata gyara, ba a jiran wa'adi.

Akwai haɗari a wannan aiki?

Akwai, kuma ina roƙon ka ɗauke shi da muhimmanci. Gas da aka matse yana tara ƙarfi mai yawa, idan mahaɗi ya ɓalle yakan fita kamar harsashi, tiyo kuma ya yi ta bulala. Shi ya sa a babban matsi aka fi son mai ko ruwa. Amma shi ma man yana da nasa: siririn tsartuwa daga ɗan rami yana huda fata ya shiga nama. Raunin yana kama da tsinin allura, amma yana bukatar likitan tiyata nan take. Kada ka nemi yoyo da yatsa. Kada ka ɗaure ko ka kwance mahaɗi alhali akwai matsi a ciki. Ka sa gilashin kare ido.

Sensar da za ta yi aiki da iskar oksijin kuwa, ko ɗigon mai kada ya taɓa ta. Mai da oksijin a ƙarƙashin matsi suna iya kamawa da wuta ba tare da ashana ba. Irin wannan ana gwada ta da busasshen naitirojin mai tsabta, da kayan da aka keɓe mata.

Akwai sensar da wannan hanya ba ta dace da ita ba?

Akwai masu aiki da ƙarau irin su kwaz, wanda ke fitar da cajin lantarki idan an matsa shi, abin da 'yan'uwa biyu Jacques da Pierre Curie suka gano a 1880. Ana sa su a cikin silindar inji da wuraren da matsi ke tashi da faɗuwa cikin ƙiftawar ido. Cajin nasu yana tsiyayewa, don haka idan ka riƙe matsi a tsaye, awon zai riƙa zamewa zuwa sifili ko da babu yoyo. Su ana gwada su da matsin da ake saki ko a danna farat ɗaya, ta bawul mai saurin buɗewa ko bututun girgizar iska.

Idan na same ta ta fita daga iyaka sosai, gyarawa kawai zan yi in mayar?

Ka rubuta abin da ka samu, ka sanar da mai ita kafin komai. Shi ne ya san gwaje-gwajen da aka yi da ita tun tantancewar baya, shi zai duba ko akwai sakamakon da za a janye ko a maimaita. Sannan ka nemi dalili. Sifilin da ya yi tsalle mai nisa galibi alama ce ta cewa matsi ya taɓa fin ƙarfin faifan har ya lotsa. Irin wannan ko ka dawo da ita kan layi yau, sai ka ga histarisis ɗinta ya ƙaru kuma ta sake gusawa cikin 'yan makonni. Ka ajiye ta kwana biyu bayan saitin, ka sake auna sifili da tsakiya. Idan ta motsa, ka manna mata jar takarda da kwanan wata da lambarta, ka cire ta daga cikin kayan aiki.